Rashin barci tare da ɗaukewar numfashi: na'ura za a fara, ko horon barci, ko ƙwaya?

A cikin danginmu da ke zaune tsakanin Jidda da Makka akwai mutum biyu da likita ya rubuta wa cuta iri ɗaya a takarda, amma abin da ya karɓi ɗaya bai karɓi ɗayan ba. Na farko kawuna ne, direban bas da ya daɗe yana jigilar masu Umara tsakanin Makka da Madina. Shi da zarar haƙarƙarinsa ya taɓa katifa barci ya yi awon gaba da shi, sai dai ba ya cika awa guda sai ya farka firgigit, maƙogwaro a bushe, zuciya na dukan uku-uku, ya zaga ya kama ruwa ya dawo, haka zai yi ta yi har kiran assalatu. Ta biyu yayata ce, wadda gidanta ke kusa da Shari'a Mansur a Makka. Ita takan kwanta tun bayan isha'i, ta yi ta juyi ido biyu har ƙarfe biyun dare, kuma ɗan abin da ta samu bayan haka barcin wahala ne mai cike da minshari, wanda ita ba ta san tana yi ba sai da 'yarta ta ɗauke shi a waya ta kunna mata. Su biyun an tabbatar suna da ɗaukewar numfashi cikin barci, su biyun kuma kukansu ɗaya ne, wato ba sa samun barci. Tambayar da ta tsaya a gaban kowannensu ita ce da wace za a fara, kuma ita ce tambayar da ke gaban mutane da yawa a cikinmu.

Abin da ke faruwa a maƙogwaro ba shi da wuyar fahimta. Idan mutum ya yi barci, naman harshe da na ganɗa da bangon maƙogwaro sukan saki jiki, kuma ga wanda hanyar iskarsa take da ƙunci saboda ƙiba, ko kaurin wuya, ko ƙanƙantar muƙamuƙi, hanyar takan matse ko ta rufe ruf. Ƙirji yana ta ƙoƙarin jan iska amma iska ba ta wucewa, oksijin da ke cikin jini ya sauka, sai ƙwaƙwalwa ta zaburar da mai barcin na 'yan daƙiƙu ya ja numfashi da gurnani, ya koma, abin ya sake maimaituwa. Likitoci suna ƙirga kowace ɗaukewa ko raguwar numfashi da ta kai daƙiƙa 10, su raba da awannin barci. Daga 5 zuwa 14 a awa guda ciwon mai sauƙi ne, daga 15 zuwa 29 matsakaici ne, 30 zuwa sama kuwa mai tsanani. Rashin barci a matsayin cuta shi ma yana da ma'auninsa: wahalar fara barci, ko yawan farkawa, ko farkawa tun da sauran dare ba tare da iya komawa ba, aƙalla dare uku a mako har tsawon wata uku, alhali mutum yana da lokaci da wurin kwanciya, kuma abin yana taɓa aikinsa da rana.

Mutane sun saba ɗaukar mai ɗaukewar numfashi a matsayin ƙaton namiji mai gyangyaɗi a sahun masallaci, shi ya sa ba a kawo wannan ciwo a rai idan mace ta ce barci ya ƙaurace wa idanunta. Amma tun a 1973 Christian Guilleminault da abokan aikinsa a Jami'ar Stanford ta Amurka suka bayyana marasa lafiyar da suka zo da kukan rashin barci, aka auna su aka tarar numfashinsu na ɗaukewa. Nazarce-nazarcen da suka biyo baya sun nuna cewa tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin 100 na masu ɗaukewar numfashi suna da alamomin rashin barci, kuma kimanin kashi ɗaya cikin uku na masu rashin barci suna ɗauke da ɗaukewar numfashi, da yawansu ba tare da sun sani ba. A nan Jidda, wani bincike da likitocin Jami'ar Sarki Abdul'aziz suka buga a 2017 kan ma'aikatan makarantu masu shekara 30 zuwa 60 ya ƙiyasta ɗaukewar numfashi da kusan kashi 9 cikin 100, maza sun fi mata yawa. Sai dai mata, musamman waɗanda jinin al'ada ya ɗauke musu, sun fi zuwa asibiti da kukan rashin barci da kasala da ciwon kan safe, ba da kukan minshari ba, don haka an fi saurin sallamarsu da ƙwaya.

Cututtukan biyu suna ciyar da juna. Wanda numfashi ke shaƙe shi sau talatin a awa, jikinsa yana kwana cikin fargaba, har ya kai ga ganin shimfiɗa kaɗai yana sa gabansa faɗuwa. Wanda kuma barcinsa ke tsinkewa yana daɗewa a matakin barci marar nauyi, wato daidai inda numfashi ya fi rashin daidaito. A al'adarmu wasu kan kira wannan shaƙewa dannau, a nemi tofi da hayaƙi. Ba na hana kowa addu'a, amma wanda matarsa ta ga ƙirjinsa na motsi babu iska, sannan ya ja numfashi kamar wanda aka tsamo daga ruwa, maƙogwaronsa ya kamata a duba.

Kafin a yi maganar zaɓi sai an yi awo, kuma ko a nan akwai zaɓi. Akwai awon gida, inda ake ba mutum ƙaramar na'ura ya ɗaura a ƙirji da yatsa da hanci ya kwana da ita, akwai kuma awon ɗakin gwaji, inda ake kwana a asibiti da wayoyi a ka masu nuna lokacin da mutum ya yi barci da lokacin da yake farke. Awon gida ya fi araha kuma an fi samunsa da wuri, amma yawancin irinsa ba ya bambance mai barci da mai kwance ido biyu. Idan yayata ta kwanta awa takwas ta yi barcin awa huɗu, na'urar za ta raba ɗaukewar numfashinta da takwas, sakamakon ya fito rabin gaskiya, a ce mata ciwonta mai sauƙi ne ko babu shi ma. Saboda haka ne ƙa'idar ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta 2017 ta ce mai tsananin rashin barci a yi masa awon ɗakin gwaji, haka ma mai ciwon zuciya ko huhu mai nauyi, da wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, da mai shan magungunan kashe raɗaɗi dangin tiramadol na dogon lokaci. Cibiyoyin barci suna nan a manyan asibitoci, kamar ta Jami'ar Sarki Sa'ud a Riyad da ta Jami'ar Sarki Abdul'aziz a Jidda. Ga wanda Larabcinsa na kasuwa ne, kalmomi biyu za su yi masa amfani a gaban likita: araƙ shi ne rashin barci, inƙiɗa'un nafas kuma ɗaukewar numfashi. Ya faɗi duka biyun, domin idan ya faɗi ɗaya, ɗayan kaɗai za a bi.

Hanyar da aka fi sani ita ce na'urar hura iska, wadda za a ga an rubuta CPAP a takardar asibiti, mutane kuma suna cewa sifaf. Colin Sullivan ne ya fito da ita a birnin Sidni na Ostareliya, ya buga sakamakonsa a 1981. Ba oksijin take bayarwa ba kamar yadda wasu ke zato. Iskar ɗaki take zuƙa ta tura ta cikin tiyo zuwa takunkumin da aka ɗaura a hanci ko a hanci da baki, ƙarfin iskar ya riƙe maƙogwaro a buɗe. Wajen hana ɗaukewar numfashi babu abin da ya kama ƙafarta, kuma tun daren farko take aiki. Abin tambaya shi ne ko tana maganin rashin barci, amsar kuwa ta danganta da irin rashin barcin. Wani bincike a ƙasar Aisilan da aka buga a 2013 ya bi marasa lafiya 705 har shekara biyu bayan an ba su na'urar. Masu kukan yawan farkawa cikin dare sun ragu da kusan rabi cikin waɗanda suka riƙe ta, amma wahalar fara barci ba ta gusa ba, ko an sa na'urar ko ba a sa ba, kuma masu wannan matsala sun fi saurin ajiye ta gaba ɗaya.

Kawuna shi ne irin wanda aka yi na'urar dominsa. Awonsa ya haura ɗaukewa 30 a awa guda, farkawarsa ta tsakar dare ce, kuma da rana barci na fizgarsa a kan hanyar da ta haura kilomita 400 da ran mutum hamsin a bayansa. An san cewa direba mai ɗaukewar numfashin da ba a yi wa magani ba haɗarin hatsarinsa ya ninka na sauran mutane fiye da sau biyu, don haka a wurinsa babu wurin jira. Ranar da muka karɓo na'urar ya juya takunkumin a hannu ya ce, "Yanzu ni da gemuna zan kwana da wannan kamar marar lafiyar da aka kwantar?" Na ce, "Kawu, ai gara a gan ka da shi a ɗaki da a gan ka a gefen titi." Bayan mako guda ya kira ni da kansa ya ce tunda ya girma bai san mutum na iya kwana bai tashi fitsari ba. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin ƙoƙarin jan iska a rufaffen maƙogwaro yana sa zuciya ta saki wani sinadari mai sa ƙoda ta ƙara fitar da ruwa, kuma idan shaƙewar ta tsaya fitsarin dare yakan ragu. Matsalolin da ya samu na kayan aiki ne. Gemu yana sa iska ta riƙa tsiyaya ta gefen babban takunkumi, sai aka sauya masa da ƙarami mai shiga ƙofar hanci. Mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, da muke kwana da shi kusan duk shekara yana busar da iskar ɗaki, hanci ya bushe ya toshe, sai da ya koyi cika tankin ruwan na'urar da tataccen ruwa kowane dare.

Yayata kuwa na'urar ta zame mata azaba. Mutumin da dama yake kwance awa uku yana lissafin duniya, aka ƙara masa igiya a ka da iska mai hurawa a hanci, babu abin da zai yi sai sauraron numfashinsa. Ta ce mini, "Ƙanena, da can ina jiran barci ni kaɗai, yanzu ni da wannan abu muke jiransa tare." Kwana tara ta yi ta naɗe tiyon ta tura ƙarƙashin gado. Ma'aunin da likitoci da kamfanonin inshora suka saba amfani da shi na cewa mutum ya riƙe na'urar shi ne awa 4 a dare, a kashi 70 cikin 100 na darare, ita kuwa ko awa ɗaya ba ta cikawa. Na'urar da aka saya da riyal dubbai tana ƙarƙashin gado ba ta buɗe maƙogwaron kowa.

Ga irinta aka tanadi hanya ta biyu, wato horon barci, wanda takardun asibiti ke taƙaitawa da CBT-I. Tun 2016 ƙungiyar likitocin cikin jiki ta Amurka ta sanya shi a matsayin maganin farko na rashin barci mai daɗewa, gaba da kowace ƙwaya. Zama huɗu zuwa takwas ne da ƙwararre, kuma ba nasihar a daina shan shayi da dare ba ce kawai. Ginshiƙinsa biyu ne. Na farko, mutum ya rubuta barcinsa na mako ɗaya ko biyu, sannan a rage lokacin da yake kwance ya zo daidai da ainihin barcin da yake samu, ba tare da an sauka ƙasa da awa biyar ko biyar da rabi ba. Idan barci ya fara cika kusan kashi 85 zuwa 90 cikin 100 na lokacin kwanciyar, sai a ƙara minti 15, a haka a haka har a kai abin da jiki ke buƙata. Na biyu, kada a hau gado sai barci ya zo, idan kuma an yi kamar minti 20 ba a samu ba a tashi a koma falo a yi wani abu mai natsuwa, a dawo idan ido ya yi nauyi, sannan a riƙe lokacin tashi guda ɗaya ko da daren ya yi muni. Manufar ita ce a raba gado da fargabar da ya saba tayarwa, a kuma tara yunwar barci har ta rinjayi tunani.

An gwada wannan a kan masu cututtukan biyu, kuma sakamakon bai zo baki ɗaya ba. A Ostareliya, Alexander Sweetman da abokan aikinsa sun raba mutum 145 gida biyu, suka buga sakamakon a 2019. Waɗanda aka yi wa zama huɗu na horon barci kafin a ba su na'ura sun riƙa amfani da ita fiye da sauran da kimanin minti 61 a kowane dare, kuma kusan dukkansu sun yarda su karɓe ta tun farko. A Shikago kuwa, binciken Jason Ong da aka buga a 2020 kan mutum 121 bai ga wani bambanci ba wajen riƙe na'urar, ko an yi horon kafin ta, ko tare da ita, ko ba a yi ba. Abin da binciken biyu suka haɗu a kai shi ne rashin barcin kansa ya fi warkewa idan an yi horon, kuma kasancewar numfashi na ɗaukewa bai hana horon aiki ba. A ganina wannan ya isa hujja. Ko da horon bai ƙara minti ɗaya a kan na'ura ba, mutum ya zo ne da kukan ba ya barci, kuma wannan kukan ne horon yake amsawa.

Amma horon yana da kaifi, kuma kaifin yana daidai inda kawuna yake. Rage lokacin kwanciya yana ƙara jin barci da rana, musamman a makon farko. Ga matar da ke gida wannan hamma ce da ɗan ɓacin rai. Ga direban bas, ko mai aiki a saman gini, ko mai tuƙa babbar na'ura a tashar jiragen ruwan Jidda, wannan magana ce ta rai da mutuwa, don haka irinsu ba a fara musu da rage kwanciya alhali numfashi na ɗaukewa ba magani. Haka mai farfaɗiya da mai ciwon ƙwaƙwalwar da ke hawa da sauka tsakanin zumuɗi da baƙin ciki, ƙarancin barci na iya tayar musu da ciwon, sai likitansu ya sa hannu. Wata matsalar kuma ita ce ƙwararrun wannan horo ba su da yawa, kuma zaman da Larabci ko Turanci ake yin sa, wanda ke nufin dattijuwar da ta fi sakewa da Hausa tana buƙatar ɗa ko jika ya zauna tare da ita, ya kuma taya ta cika takardar barcin kowace safiya.

Rayuwar ƙasar nan ma sai an saka ta a lissafi. Muna cikin mutanen da dare ne ranarsu, musamman a watannin zafi: ziyara bayan isha'i, kabsa ko mandi ƙarfe goma sha ɗaya, gahawa da shayi ana zagayawa da su har tsakar dare, alhali sinadarin da ke cikinsu mai hana barci yana ɗaukar kimanin awa biyar kafin rabinsa ya bar jini. Lokacin tashi kuwa Allah ya riga ya sauƙaƙa mana shi, domin sallar asuba turke ce da ba ta buƙatar agogo, ko da yake lokacinta a Jidda da Makka yana motsawa fiye da awa guda tsakanin tsakiyar zafi da tsakiyar sanyi. Abin da ke rushe horon shi ne komawa gado bayan asuba har hantsi, da ƙailular da ta zarce daga azahar zuwa la'asar. Wanda ya yi barcin awa biyu da rana ya ci daga cikin kason darensa. Kuma duk mai hankali ba zai fara rage kwanciya ana saura mako guda azumi ba, balle a goman ƙarshe da ake kwana a Harami ana tahajjudi. Yayata sai bayan ƙaramar Salla ta fara nata.

Ana iya haɗa na'ura da horo a lokaci guda, kuma binciken Shikago ya nuna hakan na aiki. Amfaninsa shi ne ba a bar numfashi na ɗaukewa har wata guda ko biyu ana jira ba, sannan yunwar barcin da horon ke tarawa tana taimaka wa mutum ya yi barci da takunkumi a fuska. Illarsa kuwa ita ce ta taura biyu a baki: sabon takunkumi, sabon lokacin kwanciya, takardar cikewa, tashi zuwa falo cikin dare a cire igiya a dawo a ɗaura. Mai ciwo mai tsanani wanda kuma ba ya iya fara barci ba shi da wata mafita sai wannan, amma yana buƙatar mai tsaya masa a gida.

Sai ƙwaya, wadda ita ce mafi kusa da hannu, kuma ita na fi tsoro. Kafin a gano ciwon yayata, wani ƙaramin mustausaf, wato asibitin unguwa, ya rubuta mata ƙwayar barci ba tare da an tambaye ta ko tana minshari ba, ba a kuma tambayi wanda ke kwana kusa da ita ba. Ta yi barci kuwa, amma takan tashi da kai mai nauyi kamar an ɗora mata dutse. An bar jaki ana dukan taiki. Dole ne a bambance tsakanin magungunan, domin ba duka suka zama ɗaya ba. Dangin diyazefam, wanda aka fi sani da Valium, suna sassauta nama, suna kuma dusashe zaburar da ke ceton mai shaƙewa, ta yadda ɗaukewar numfashi na iya tsawaita, oksijin ya ƙara sauka. Haɗa su da tiramadol ko kodin haɗari ne babba, domin waɗannan suna taɓa cibiyar numfashi da ke ƙwaƙwalwa. Dangin zolfidem, bincike ya nuna galibi ba sa ƙara yawan ɗaukewar numfashi, har ma wani gwaji da aka buga a 2009 ya nuna cewa ba da ɗaya daga cikinsu na kwana 14 na farkon na'ura ya taimaka wa mutane riƙe ta. Amma suna da nasu nauyin. A 2013 hukumar magunguna ta Amurka ta rage awon zolfidem ga mata daga miligiram 10 zuwa 5 saboda yana kaiwa safiya a jininsu, a 2019 kuma ta sa gargaɗi mafi girma a kan tafiya da tuƙi cikin barci. Ga wanda ya haura shekara 65 akwai ƙarin haɗarin faɗuwa da ruɗewa. Akwai sabon dangi mai toshe sinadarin farkawa na ƙwaƙwalwa, wanda na farkonsa ya samu amincewa a Amurka a 2014, kuma a gwaje-gwajen da aka yi bai ɓata numfashin masu ciwo mai sauƙi da matsakaici ba.

Duk da haka babu ƙwayar da ke buɗe maƙogwaro, kuma amfaninta yakan tafi ranar da aka daina ta, saɓanin horo wanda amfaninsa ke daɗewa bayan an gama zama. Matsayinta a wurina shi ne na ɗan rakiya: kwanaki ƙidayayyu, a hannun likitan da ya san numfashin na ɗaukewa, na'ura kuma tana fuska. Waɗannan magunguna a Saudiyya suna ƙarƙashin tsauraran dokoki, ba a sayar da su sai da takardar likita, don haka karɓar ragowar na maƙwabciya ko sa a taho da su a jaka daga gida ganganci ne ga lafiya, kuma yana iya jawo wa mutum abin da ya fi rashin barci. Waɗanda ake samu a saidaliyya, wato kantin magani, ba takarda, masu ɗauke da maganin mura mai sa barci, jiki yana sabawa da su cikin 'yan kwanaki, kuma suna busar da baki su riƙe fitsarin dattawa. Wanda kuma ya daɗe yana shan dangin diyazefam kada ya yanke rana ɗaya, domin hakan na iya kawo jijjiga. A hankali ake sauka, da lissafin likita.

Akwai wasu hanyoyi ga wanda na'ura ta gagara. Likitan haƙori na iya ƙera wani abin sawa a baki mai turo muƙamuƙin ƙasa gaba, wanda ya fi dacewa da ciwo mai sauƙi da matsakaici. Ba ya kai na'ura ƙarfi, yana buƙatar haƙora masu lafiya, yana iya sa ciwon muƙamuƙi, amma babu tiyo babu ƙara, kuma mai wahalar fara barci yakan fi jure shi. Rage ƙiba kuwa yana taɓa tushen ciwon: wani bincike a jihar Wiskonsin da aka buga a 2000 ya nuna raguwar kashi 10 cikin 100 na nauyi tana tafiya da raguwar kusan kashi 26 na ɗaukewar numfashi, a Disambar 2024 kuma Amurka ta amince da allurar rage ƙiba ta tirzefatayid ga masu ƙiba da wannan ciwo. Sai dai wannan tafiya ce ta watanni, ba ta hana a nemi abin da za a kwana da shi yau.

Batun kuɗi yana sauya lissafi. Mai aiki a kamfani yana da ta'amin na dole, wato inshorar lafiya, amma abin da kowace takarda ke ɗauka ya bambanta, don haka ya tambaya a rubuce ko awon barci da na'urar da takunkumin da ake sauyawa lokaci-lokaci suna ciki. Wanda zai biya daga aljihunsa ya fi kowa buƙatar ya san irin rashin barcinsa kafin ya zuba kuɗi, ya kuma nemi haya ko gwaji na 'yan makonni idan mai sayarwa yana bayarwa.

Da za a ce in zaɓa wa wani, abu biyu zan tambaye shi. Na ɗaya, a wane ɓangare na dare barci ke guje masa. Na biyu, da rana barci ke fizgarsa, ko kuwa gajiya ce kawai wadda ko ya kwanta ba ya iya runtsawa. Wanda ke barci nan take amma yana yawan farkawa, yana gyangyaɗi da rana, ko awonsa ya kai 30, ko yana riƙe da sitiyari, ko hawan jininsa ya ƙi jin magani, na'ura zai fara ba tare da ɓata lokaci ba, a sake duba barcinsa bayan wata biyu ko uku. Idan har lokacin yana farkawa alhali katin na'urar, mai adana bayanin kowane dare, ya nuna numfashi ya daidaita, to rashin barcin ya zama cuta mai zaman kanta, sai a kawo horo. Wanda kuwa matsalarsa fara barci ce, ciwon numfashinsa mai sauƙi ne ko matsakaici, ba ya gyangyaɗi, kuma gado ya zame masa wurin fargaba, jinkirta na'ura na wata guda domin a yi horo ya fi masa a ba shi abin da zai tura ƙarƙashin gado, matuƙar likitansa ya yarda zuciyarsa da jininsa za su ɗauki jiran.

Haka aka yi wa yayata a karo na biyu. An tsayar mata da kwanciya ƙarfe sha ɗaya da rabi, tashi da asuba ba komawa, ƙailula minti ashirin kacal. Makon farko ta yi ta faɗa da kowa a gidan. A mako na huɗu aka ciro na'urar aka wanke tiyon, ta fara sa takunkumin da rana tana zaune tana jan carbi, domin fuska ta saba da shi tun kafin dare. Yanzu katin na'urar yana nuna awa biyar da ɗoriya a yawancin darare. Har yanzu akwai daren da takan farka ƙarfe uku ta kasa komawa, sai ta cire igiyar ta fito falo, kuma likitan ya ce a bar lokacin kwanciyarta yadda yake har zuwa mau'idi na gaba, wato ranar da za ta koma ganinsa.